Layi biyu, tasha guda

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran mota a tashar Mayahi don zuwa Gidan Amumune ko Tasawa ya san abin da ake nufi da layi. Motar da ta riga rubuta suna wurin ɗan kamasho ita ke fara lodi, ko da kuwa wadda ke bayanta ta fi ta lafiyar inji. To, a ƙaddara an wayi gari hukuma ta ce tashoshi biyu su koma guda. Kowace da littafinta, kowace da direban da ke kan gaba. Wa zai fara lodi? Wannan tambaya ce ta raba kan kanikawan jiragen sama a Amurka shekara da shekaru, har ta kai su gaban majalisar dokoki, kuma labarin nasu ya shafi ma'aikatan Nijar fiye da yadda ake zato.

A kampanonin jiragen Amurka, bakanike ba ya da dukiyar da ta fi lambarsa a jerin daɗewa a aiki. Galibin gyaran jirgi da dare ake yin sa, lokacin da jiragen suke ƙasa, saboda haka sabon shiga yakan share shekaru yana kwana a rumfar gyara kafin ya sami aikin rana. Da wannan lamba ake zaɓen ranakun hutu, da ita ake zaɓen garin zama. In kasuwa ta faɗi, daga ƙasan jerin ake fara sallama, kuma in ta farfaɗo daga sama ake fara kira. Abin da ya fi ciwo shi ne lambar ba ta bin mai ita: wanda ya shekara 25 a wani kampani, in ya koma wani, ƙanen kowa ne.

A watan Afrilu na 2001 kampanin American Airlines ya sayi TWA, wanda bashi ya riga ya durƙusar. Kanikawan TWA suna cikin sandikar IAM, na American kuma suna cikin TWU. Kafin a ƙulla cinikin, an gindaya wa sandikokin TWA sharaɗin su yafe ayoyin yarjejeniyarsu da ke kare daɗewarsu, suka kuwa yafe, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mata da maza masu hidima cikin jirgi su ne suka fi shan wuya, domin an tattara su gaba ɗaya an manna a wutsiyar jerin American. Bayan harin 11 ga Satumba na wannan shekara aka shiga rage ma'aikata, kuma kafin ƙarshen 2003 kusan dukansu suna gida, alhali ƴan shekara biyu ko uku na American suna bakin aiki.

Kanikawa sun ɗan fi su sa'a, don maganarsu ta je gaban mai raba gardama, Richard Kasher, wanda ya yanke hukunci a 2002. Ya bar wa mutanen TWA shekarunsu cif a garuruwansu biyu, St. Louis da Kansas City. A wasu tashoshi ya ba su rubu'in shekarun, a sauran kuwa aka ɗauke su tamkar ranar 10 ga Afrilu na 2001 suka fara aiki. Hukuncin ya yi kama da adalci, amma katanga ya gina musu: mutum dattijo ne muddin bai fita garinsu ba. Da American ya rufe babbar rumfar gyara ta Kansas City a 2010, katangar ma ta rushe.

Abin lura a nan, mai kampani bai cika damuwa da wa ke sama wa ke ƙasa ba, shi dai a gyara masa jirgi. Waɗanda suka tsaya kai da fata a tura baƙi baya ƴan'uwansu ne ma'aikata. Kuma ba a rasa musu hujja: suna cewa kampaninsu lafiyayye ne, na wancan gawa ce, don me wanda aka tsamo daga rijiya zai zauna a kan tabarmar mai guga? Hujjar tana da nauyi, sai dai bakanike ba shi ya ci bashin ba, kuma shekara 20 ta kwance inji a TWA ba ta gaza shekara 20 ta kwance inji a American ba.

Ƴan majalisar dattawa biyu na jihar Missouri, inda TWA ya yi sansani, watau Claire McCaskill da Kit Bond, su ne suka kai maganar ta zama doka a watan Disamba na 2007. Dokar ta maido da wata ƙa'ida ta 1972, ta zamanin haɗewar kampanonin Allegheny da Mohawk: a haɗa jerin biyu bisa adalci, in bangarorin sun kasa daidaitawa a kai ga mai raba gardama, hukuncinsa kuma ya hau kan kowa. In sandika guda ke riƙe da ɓangarorin biyu, tsarinta na cikin gida ake bi. Mutanen TWA, waɗanda aka yi dokar saboda kukansu, ba ta waiwaye su ba.

Ko da dokar, aikin bai zama wasa ba. Wace rana za a ƙirga, ranar shiga kampani ko ranar zama bakanike? Akwai wanda ya fara da sharar jirgi shekara takwas kafin ya sami takardar gyara. American da US Airways sun haɗe a Disamba na 2013, amma kanikawansu ba su sami yarjejeniya guda ba sai a watan Maris na 2020.

Nijar ta san wani ɓangare na wannan ciwo. Tana cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique a Yawunde a 1961, kuma da kampanin ya mutu a 2002 babu wanda ya gaje shi, ma'aikata fiye da dubu 4 suka watse, babu ma jerin da za a yi rigima a kansa. A 2016 gwamnati ta yanke shawarar haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Télécom, ma'aikatan gida biyu suka koma ƙarƙashin rufi guda. Dokar ƙwadago ta 2012 ta fi ta Amurka tausayi a wannan fanni, domin in kampani ya canja hannu ta hanyar sayarwa ko haɗewa, kwantaragin ma'aikaci yana bin sa wurin sabon mai gida, kuma tsohuwar yarjejeniyar sana'o'i ta 1972 ma ta tanadi ƙarin albashi na daɗewa a zamaninta. Amma kare shekaru daban, jera mutane daban. Shugaban sashe biyu ba sa zama a kujera guda, kuma matakin albashi na wannan gida ba lalle ya yi daidai da na wancan ba.

A watan Nuwamba na 2023, ministocin Mali da Burkina Faso da Nijar da suka taru a Bamako sun ba da shawarar kafa kampanin jiragen sama na haɗin gwiwa. Burkina tana da Air Burkina, wanda asalinsa ke komawa 1967, da tsofaffin ma'aikatansa da jerinsu a rubuce. Matasan Nijar da za su shiga irin wannan kampani ba su da tsohon jeri da za su nuna. In an zo rubuta takardun kafa shi, ya kamata sandikokin Yamai su nemi a saka aya uku tun kafin a ɗauki ma'aikaci ko guda: ranar da za a fara ƙirga shekaru, matsayin wanda ya zo daga wani kampani da shekarunsa, da sunan hukumar da za ta raba gardama in Wagadugu da Yamai sun saɓa.