Daga Bakin Wa Aka Ji Labarin 'Yandoto?

Duk ɗalibin da ya ɗauki tarihin ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu don aikin bincike, ba makawa sai ya ci karo da 'Yandoto, tsohon garin malamai na ƙasar Katsina, wanda rundunar jihadi ta ci da yaƙi wajen shekarar 1806. Tambayar da ta kamata malaminsa ya fara yi masa ita ce: daga bakin wa ya ji?

Galibi amsar ita ce Infaƙul Maisuri, littafin da Muhammadu Bello ya kammala a 1812. Lalle wannan tushe ne na asali, domin marubucin ganau ne, ba jiyau ba. Sai dai kuma shi ne ya jagoranci yaƙin, kuma ya yi rubutunsa ne yana kafa hujjar jihadi. Malaman 'Yandoto da suka ƙi bin jama'ar Shehu ba a jin muryarsu a ciki sai yadda shi ya kawo ta. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, amma alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare guda.

Akwai wani aibin da ya fi wannan. Ɗalibi zai rubuta sunan Bello a matsayin madogara, alhali abin da ya karanta shi ne fassarar Ingilishi da Razdan Arnett ya buga a 1922, wadda ba ta bin Larabcin kalma da kalma. Wanda ya karanta Arnett, to ya ce Arnett ya karanta. In kuwa matanin Larabci da Whitting ya buga a Landan a 1951 ya duba, ya faɗa, har da lambar shafi.

Ɗaya ɓangaren fa? Har yau Sarkin Tsafe 'Yandoto ake kiransa, kuma a bakin dattawan Tsafe da Rawayya ne ya kamata a nemi abin da kakanni suka bari. Irin wannan hira ba ta zama madogara sai an rubuta sunan mai bayani da shekarunsa, da wuri da ranar hirar, da kuma wanda shi ya ji daga gare shi.

Haka nan fayilolin Lardin Sakkwato da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Di'o ta bakin tafinta ya ji labari, kuma haraji ne a gabansa. Duk wanda ya ɗauko magana daga can, ya kawo lambar fayil da shekararsa, yadda wani ɗalibin zai iya zuwa ya buɗe takardar da kansa.