Kama Da Wane Ba Ta Wane: Batun Zanen Fentin Ruwa Na Bogi

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata yaudara da ta shigo mana ta ƙofar kwamfuta, wadda bai kamata mu zuba mata ido ba. Mutum ya ɗauki hoto da waya, ya jefa shi cikin manhaja, ya danna nan ya danna can, sai ga hoton ya fito tamkar an zana shi da fentin ruwa. Ya kai a buga masa a takarda mai kauri, ya rattaba hannu a gefe, ya sayar da sunan aikin hannu. Wannan shi muke kira ha'inci.

Bari mu fayyace yadda ake yi, domin kada wani ya ruɗe mu da cewa akwai wani asiri a ciki. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙiro, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990, tana da matacin hoto na fentin ruwa mai madaidaita uku kacal: na kaurin buroshi, na duhun inuwa, da na kaushin takarda. Wanda ya ɗan fi wayo kuma yakan dusashe ƙananan bayanan hoton, ya fito da layukan gefe ya ƙara musu duhu, ya shimfiɗa hoton takarda mai gurzau a kai, sannan ya yayyafa tambarin ɗigon fenti da wani ya riga ya tanada. Daga 2016, da manhajar Prisma ta fito daga Rasha, ko wannan 'yar wahalar an ɗauke wa mai waya. Iyakar sana'ar ke nan.

To, mene ne fentin ruwa na ainihi? Garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, wato ƙaron nan na itacen dakwara da ake tsinkowa a Kordofan ta Sudan, da Chadi, da Borno da Yobe, irin wanda malamanmu ke sa wa tawada domin ta kama allo. Mai zane ba ya shafa fari. Farin takardar shi ne haskensa, don haka tilas ya san inda zai bari tun kafin buroshi ya taɓa ruwa. Yana farawa daga launi mai haske ya gangara zuwa mai duhu, in kuwa ya zarce, komawa baya sai da kyar. Duhun nan da ake gani a bakin kowane shafi na fenti, ruwa ne ke tura launi zuwa gefe yayin da yake bushewa, kuma duk wanda ya gwada aikin cikin hunturu ya san yadda iska ke shanye takarda kafin hannu ya kai inda ya nufa. Abin da Albrecht Dürer ya yi fama da shi ke nan lokacin da ya zana zomonsa a 1502, haka kuma Turner na Ingila ya ƙare rayuwarsa a kai.

Amma babban bambancin ba a nan yake ba. Mai zane zaɓi yake yi. Ya dubi kasuwa cike da jama'a, ya ɗauki tsohuwa ɗaya da ƙwaryarta, ya watsar da sauran. Matacin Photoshop kuwa bai san tsohuwa ba, bai san juji ba. Lissafi ɗaya yake yi wa fuskar mutum da ledar da ke bayansa.

Mun san abin da za a ce mana: ai ita ma kyamara an zarge ta da kashe zane, ga shi bai mutu ba. Gaskiya ne. Sai dai mai kyamara bai taɓa cewa da buroshi ya yi ba. Ba mu da faɗa da na'ura, mu ma muna amfani da ita wajen shirya fasta da bangon littafi, kuma mai sarrafa hoto da gwaninta ya cancanci ladansa. Faɗanmu da sunan ƙarya ne. Balle kuma waɗanda ke kwaso hoton da wani ya sha rana ya ɗauka, su lulluɓe shi da fentin bogi domin mai shi ya kasa ganewa. Sata biyu ke nan a faifai guda.

A 1958 ɗalibai irinmu a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane domin ƙin kwaikwayon Turawa ido rufe. Shin magadansu ne za su shekara huɗu suna koyon riƙon buroshi, sannan mai danna maɓalli ya karya musu farashi?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai da kada su karɓi irin wannan hoto a baje kolin zane sai an rubuta a ƙasansa ɓaro-ɓaro cewa hoto ne da aka sarrafa da kwamfuta, tare da sunan wanda ya ɗauke shi. Ku kuma matasan ma'aikata da ake aika ku sayo kyautar ban-kwana ko adon ofis da kuɗin jama'a, ku karkata takardar ga haske ku duba. Fentin ruwa yakan bar takarda da ɗan kumburi, sau da yawa har da sawun fensir a ƙarƙashin launi. In kun ga ta shafe sumul, ku tambayi mai sayarwa da me ya yi, ku sa ya rubuta amsarsa a rasit.