A Riƙa Bincike A Ƙofar Wuraren Wasan Yara

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi kira ga masu wuraren wasan yara kafin cunkoson Sallah. Kuɗin shiga ba sa mantawa da karɓa, amma jaka da ƙunshi sai su wuce ba mai dubawa. A 2016 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bom kusa da lilon yara a Lahore ta Pakistan, mutum fiye da 70 suka rasu. To, a sa mace ta binciki mata, namiji ya binciki maza. Mu masu kasa kaya a bakin ƙofa ma a duba mu, wallahi ba za mu ji haushi ba. Shi kansa lilon a duba ƙusoshinsa kafin a ɗora 'ya'yan mutane.

Naka,
Wani manomi ɗan tireda.