'Yar na'urar OBD2 ba za ta sa a-kori-kurarka hawa tudu ba

Duk wanda ya taɓa riƙe waya mai RAM 2GB ya san manhajojin nan masu alƙawarin ƙara wa waya sauri. Ka danna maɓalli, hoton roka ya tashi sama, a rubuta maka cewa wayarka ta zama sabuwa, bayan minti biyar ta koma jan ƙafarta. Irin wannan kasuwa ta shigo harkar mota. A TikTok da Facebook da shagunan intanet ana tallar wata 'yar na'ura mai kamar akwatin ashana, ana cewa da ka soka ta a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, motarka za ta ƙara ƙarfi kuma ta rage shan mai. Waɗanda suka fi faɗawa tarkon su ne masu a-kori-kura mai ƙaramin inji, irin Hilux ta fetur da kurkura, domin su ne kullum ke fama da motar da ke nishi idan an yi mata lodi.

Ra'ayina shi ne kuɗin nan asara ne, kuma akwai hujja. A 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab da ke Faransa sun sayi ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, mai suna Nitro OBD2, suka farke ta, suka bi diddigin abin da take yi. Sun tarar ba ta aika wa kwamfutar mota komai. Fitilu kawai take kunnawa suna ƙyaftawa, don mai ita ya ji ana aiki.

Sai dai matsalar da ta sa ake saye gaskiya ce, kuma ya kamata a fahimce ta. Abin da direba ke nema lokacin tashi da kaya, ko a tsakiyar Hawan Kibo, shi ne ƙarfin murɗa, wato yadda inji ke iya juya taya tun yana juyi a hankali. Ana auna shi da Nm. Ƙarfin doki da ake yawan ambata ya fi shafar gudu. A injin fetur marar turbo, ƙarfin murɗa ya dogara ne kan yawan iskar da inji ke iya shaƙa a kowane juyi, ita kuma iskar girman injin ne ya yi mata iyaka. Injin Hilux mai lita 2.7 yana ba da kimanin 245 Nm, kuma sai ya kai juyi wajen 4,000 a minti kafin ya ba da su duka. Daihatsu Hijet, da dokar Japan ta ƙayyade wa inji 660cc, tana ba da wajen 60 Nm. Raba kowanne da girman injinsa, za ka samu kusan 90 a kowace lita. Motoci biyu, kamfanoni biyu, lissafi ɗaya. Babu lambar da za a rubuta a kwamfuta ta faɗaɗa silinda.

Mu masu rubuta manhaja mun san inda manhaja ke da iko: inda akwai abin da aka riƙe wanda za a iya saki. Shi ya sa labarin injin dizal mai turbo ya bambanta. Hilux mai lita 2.4 ta dizal, wadda injinta bai kai na fetur ɗin girma ba, tana iya ba da 400 Nm tun daga juyi 1,600, saboda turbo na tura mata iska da ƙarfi, kuma kwamfuta ce ke ƙayyade yawan iskar da man. A nan idan ƙwararre ya sake rubuta taswirar kwamfutar, ana samun ƙari na gaske, duk da cewa kuloci da zafin inji ne za su biya kuɗin. A injin fetur marar turbo kuwa, abin da ake samu kaɗan ne, kuma mafi yawansa a saman juyi, ba inda mai lodi ke buƙata ba.

Akwai wata na'urar da ta fi ta farko gaskiya, wadda ake haɗawa da totur a motocin da totur ɗinsu na lantarki ne. Ita tana aiki, amma aikinta shi ne idan ka taka kashi 30 ta faɗa wa kwamfuta ka taka kashi 50. Motar za ta yi kamar ta ƙara zafin nama. Da ka taka har ƙasa, ƙarfin da ke nan jiya shi ne dai yau.

To ina ƙarfin yake? Wuri na farko da zan duba shi ne taya, kuma nan ne samari suka fi cutar kansu. Ana son mota ta yi tsayi ta yi kyau a hoto, sai a cire tayar 205R16 da ta zo da ita, mai faɗin da'ira wajen milimita 734, a sa 265/70R17 mai wajen 803. Bambancin ya kai kashi 9 cikin ɗari. Taya kamar marfin famfo ce da aka juya: gwargwadon girmanta, gwargwadon raguwar ƙarfin da ke isa ƙasa. Wato ka biya kuɗi ka zubar da kusan kashi 9 na ƙarfin jan motarka a kowace giya, ga ƙarin nauyin tayar kanta. Wayarka ma za ta iya nuna maka. Buɗe kowace manhaja mai auna gudu da GPS, ka kwatanta da allon motar. Idan allo na nuna 100 waya na nuna sama da haka sosai, tayarka ta fi wadda kamfani ya lissafa. Komawa girman asali shi ne gyara mafi arha da za a ji a jiki nan take.

Wanda ya nace sai babbar taya, ko aikinsa kullum lodi ne da hanyar ƙauye, maganinsa na cikin tulun ƙafar baya, inda giyar difarenshiyal take. Idan aka canza ta daga 4.10 zuwa 4.56, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kashi 11 a kowace giya, ba tare da an taɓa inji ba. Wannan shi ne kawai gyaran da nake ganin ya cancanci kuɗi mai yawa. Amma ba kyauta ba ne: gudun da a da ake yi da juyi 3,000 yanzu sai wajen 3,300, don haka a doguwar hanya za a ji ƙara, a kuma ga mai na tafiya. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a canza gaba da baya tare, in ba haka ba ɓarna za a yi. Kuma aikin na buƙatar makaniken da ya iya saita haƙoran, domin idan suka kauce, kuka za su riƙa yi har su cinye juna.

Da yawa daga cikin motocin nan kuma ba ƙari suke buƙata ba, abin da suka rasa suke nema. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, fulogi da suka tsufa, kuloci mai zamewa, birki mai riƙewa, taya mai ƙarancin iska. A nan ne waya ke da amfani na gaske. Akwai ƙaramin makaranci mai suna ELM327 da ake sokawa a wannan rami na OBD2 ɗin, ya haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Shi bai yi alƙawarin ƙara komai ba, faɗa maka yake abin da inji ke ciki. Idan ka ga kwamfuta na ƙara mai sama da kashi 10 a kai a kai don ta daidaita haɗin, to akwai inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko na'urar auna iska ta yi datti, ko famfon mai ya gaji. Tsohuwar kurkura mai kafireta ba ta da kwamfutar da za a karanta, wanda kuma ya isa ya nuna maka darajar na'urar da ake cewa tana aiki a kowace mota.

Wani abin da ban yarda da shi ba shi ne sa ƙatuwar salansa. Ƙara na ƙaruwa, mai mota na jin daɗi, amma bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage saurin fitar hayaƙi a ƙananan juyi, nan kuma ƙarfin tashi ke raguwa. Haka fasa abin nan da makanikai ke kira indomi: idan ya toshe, a canza shi, amma idan lafiyarsa ƙalau, cire shi ba ya ba da wani abin kirki sai fitila a allo da hayaƙi a hancin na baya.

Akwai kuma abin da babu gyaransa. Iska mai zafin digiri 40 ta fi mai digiri 20 sirantaka da wajen kashi 6, kuma inji marar turbo na rasa wajen kashi 3 a kowace mita 300 ta tsayi. Motar da ke ja lafiya a Legas, idan ta hau Jos mai tsayin mita 1,200 ta bar fiye da kashi 10 na ƙarfinta a hanya. Sai batun lodi. Hijet an ƙera ta ne don kilo 350, buhun siminti bakwai ke nan. Wanda ya ɗora mata ashirin sannan ya shiga intanet neman na'urar ƙara ƙarfi, ya fara sauke goma sha uku tukuna, ya ga yadda za ta tashi.