Hazon hunturu da na'urar da ke auna shi

Duk hunturu ƙura kan taso daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe Maiduguri da Kano, jirage su kasa sauka, masu asma su cika asibiti. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna faɗin hazon, amma ba ya faɗin tsayinsa. A nan na'urar lida ta yi fice: daga kan tauraron ɗan'adam tana harbo hasken leza ƙasa, ta auna lokacin dawowarsa, ta bambanta gajimare da ƙura da hayaƙi, hawa-hawa.

Tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi wannan aiki daga 2006 zuwa 2023. Da bayanansa aka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara kowace shekara, har wani kaso ya isa dajin Amazon. Tauraron EarthCARE na Turai da Japan ya karɓi aikin a 2024.

Bayanan CALIPSO kyauta ne, kuma mu ne muke shaƙar ƙurar. Muna kira ga hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da jami'o'inmu su horar da matasa su iya sarrafa su, domin gargaɗin hazo ya riƙa isa ga matuƙa jirgi da asibitoci tun kafin ƙurar ta sauka.