Sabo A Ke Yi Wa Kuka

Jama'a, yau muna so mu yi magana a kan wani aiki wanda kowa ya san ƙararsa, amma kaɗan ne suka san nauyinsa, watau aikin mutanen da ke bin motar asibiti. Mu dai abin da mu kan gani shi ne mota ta taho a guje tana jiniya, mu kauce mata, mu ce Allah ya sawwaƙe, sa'an nan kowa ya koma ga sha'aninsa. Abin da ke faruwa bayan ta tsaya a ƙofar gidan da aka kira ta, wannan ba mu cika tambaya ba.

Bari mu ɗauki misalin Ingila, tun da ya ke can aikin ya daɗe da kafuwa, kuma suna rubuta lissafinsa. Tun cikin 1937 aka sa lamba 999 a Landan, wadda mutum zai buga idan wata masifa ta auku. To, a ce ƙarfe uku na dare ne, wani tsoho ya farka ya ji numfashin matarsa ba daidai ba, ya taɓa ta, ba ta motsa ba. Shekara hamsin ke nan suna tare. Ya lallaɓa ya buga waya, jim kaɗan ga ma'aikata sun iso. Suka sauko da ita ƙasa, domin katifa ba ta da taurin da a ke bukata, suka yanke rigarta da almakashi, ɗaya ya durƙusa ya shiga danna mata ƙirji da iyakar ƙarfinsa, sau 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya, kowace dannawa ta nutsa kamar inci biyu. Ƙashin tsufa kuwa ba ya jimre wa irin wannan, sau da yawa haƙarƙari ya kan karye, mai dannawa yana ji a tafin hannunsa, amma ba shi da halin dainawa. Ɗayan yana hura mata iska, yana sa allura, yana duban na'ura ko zuciya za ta amsa. Shi kuwa tsoho yana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ke da hannun da zai riƙe shi.

Ga lissafin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A ƙasar Ingila, cikin mutum goma da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, aka kuwa yi ƙoƙarin farfaɗo da su, wanda ke tashi har ya koma gida bai cika ɗaya ba. Mafi yawan wannan tsayawar zuciya kuma a cikin gida ta ke aukuwa. Ashe ke nan, sau tara cikin goma ƙoƙarin ba ya kai wa ga rai, sau da yawa kuma a nan cikin ɗakin za a ɗauke hannu, bayan minti ashirin ko talatin ko fiye, mai dannawa ya miƙe, ya share gumi, ya juyo ya fuskanci mutumin da ke bakin ƙofa. An koya masa aikin ɗayan nan da kyau ƙwarai. Tambayarmu ita ce, wa ya koya masa aikin taran?

Da can ba haka abin ya ke ba. Likitan sojan Faransa, Dominique Larrey, shi ya fara shirya kekunan doki marasa nauyi cikin shekarun 1790 don kwashe masu rauni daga fagen fama, tun daga sa'an nan kuwa har fiye da shekara ɗari da hamsin aikin bai wuce a ɗauka a kai ba. Sai cikin 1960 waɗansu masana a birnin Baltimore na Amurka suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana iya tura jini alhali zuciya ta tsaya. Cikin 1966 kuma Dakta Frank Pantridge na Belfast ya ɗora na'urar tā da zuciya da lantarki a cikin mota, ya riƙa kai ta har gidan majiyyaci. Alheri ne babba, rayuka masu yawa sun tsira ta dalilinsa. Amma wani abu ya biyo baya wanda ba a yi shirinsa ba, watau kokawar da a ke yi da mutuwa a bayan labulen asibiti ta taso ta dawo tsakar ɗakin kwana, a gaban idon iyali. Ba kuwa za mu wuce ba mu ambaci Dakta Peter Safar ba, wanda ya horar da samarin baƙaƙen fata na birnin Pittsburgh suka zama ma'aikatan motar asibiti ta Freedom House da aka kafa cikin 1967. 'Yarsa ƙarama ta rasu da ciwon asma cikin 1966, sa'ad da shi ya tafi taro wani gari. Sana'ar nan tun tushenta akwai baƙin ciki a ciki.

Yanzu mu koma ga tsohon nan namu. Hausawa suka ce sabo a ke yi wa kuka, likitoci kuwa sun auna wannan magana da alƙalami sun iske gaskiya ce har ta wuce kuka. Cikin 1963 aka buga wani bincike a Ingila a kan maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. Cikin wata shida na farko 213 daga cikinsu suka bi matansu, watau mutuwa a tsakaninsu ta zarce ta tsararrakinsu masu mata da misalin kashi 40 cikin 100. Da aka sāke bin sawun al'amarin cikin 1969, sai aka ga ciwon zuciya ne ya ɗauki kaso mafi girma. Cikin 1990 kuma likitocin Japan suka bayyana wata cuta da ke kama zuciya bayan mummunan labari ko firgita mai tsanani, ƙasan zuciyar ya kumbura, wuyanta ya tsuke, ta koma kamar tulu. Suka sa mata suna takotsubo, sunan tulun da masuntansu ke kama wata dabbar teku da shi. Tsofaffin mata ta fi kamawa. Saboda haka idan muka ce ma'aikacin motar asibiti ya iske majiyyata biyu a gidan nan, ɗaya kwance ɗaya tsaye, ba azancin magana mu ke yi ba.

To, yaya za a yi da na tsayen? Al'adar da aka daɗe a kanta, a Turai da nan duka, ita ce a ce masa ya fita ya jira a waje, wai don kada ya ga abin da ba zai manta ba. Niyyar mai kyau ce, amma mu a ganinmu kuskure ce, muna kuwa da madogara. A Faransa an gwada abin a ƙungiyoyi 15 na masu aikin gaggawa, da 'yan'uwan majiyyata 570, aka buga sakamakon cikin 2013. Waɗansu ƙungiyoyi suka riƙa tambayar ɗan'uwa ko yana so ya tsaya ya gani, tare da sa wani ma'aikaci ya tsaya kusa da shi yana bayyana masa abin da a ke yi. Sauran ƙungiyoyi suka ci gaba da yadda suka saba. Bayan kwana 90 aka tuntuɓi mutanen, sai aka ga waɗanda suka tsaya suka gani sun fi samun sauƙin firgici da damuwa bisa ga waɗanda ba su gani ba. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Wanda aka rufe wa ƙofa, zuciyarsa ce za ta zana masa abin da ya faru a ciki, zanen zuciya kuwa ya kan fi gaskiya muni. Zai kwana yana tambaya, shin sun yi iyakar ƙoƙarinsu? Shin ta neme ni? Wanda ya tsaya ya ga gumin da aka zubar a kan matarsa, wannan tambaya ta faɗi.

Mun san abin da waɗansu malaman asibiti za su ce, ba mu kuwa raina maganarsu ba. Za su ce mu masu alli da allo ba mu taɓa durƙusawa a kan ƙirjin mutum ba alhali matarsa tana kururuwa tana jan rigarmu. Gaskiya ne. Amma binciken nan na Faransa ya duba wannan ma, bai iske tsayawar ɗan'uwa ta ɓata aikin ba, bai iske ta ƙara wa ma'aikata tashin hankali ba, ba ta kuma jawo ƙararraki a gaban shari'a ba. Sai dai a lura da sharaɗi biyu. Na ɗaya, tayi a ke yi, ba tilas ba, wanda ya ce ba zai iya ba a ƙyale shi. Na biyu, lalle a sami mai tsayawa da shi. In an bar tsoho shi kaɗai a kusurwa yana kallon ana karya haƙarƙarin matarsa ba mai ce masa uffan, wannan ba tausayi ba ne, azaba ce.

Sa'an nan akwai faɗin labarin kansa. Abin da masu koyar da wannan fanni suka yi ittifaƙi a kai ba shi da yawa, kowa zai iya riƙewa. A zauna, kada a faɗa a tsaye hannu na tattara kaya. A faɗi kalmar sarai, a ce ta rasu, kada a ɓuya a bayan cewa jiki ya yi tsanani, domin kunnen mai firgita ya kan kama duk wata igiyar fata da aka sakar masa. Bayan an faɗa a yi shiru, a bar shi. In ya ce da na farka da wuri fa, a gaya masa gaskiya, cewa mafi yawan masu irin wannan ciwo ba su tashi ko da an zo a kan kari, kuma ya yi daidai da ya kira. Kada a tafi sai wani nasa ya iso.

Shi kuma ma'aikacin, ina za ya kai abin da ya ɗauko? Kafin ya gama wanke hannu an kira shi wani gida. Da aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam cikin 2018, an iske kimanin ɗaya cikin goma na ma'aikatan motar asibiti suna fama da ciwon firgici mai daɗewa, watau mugun mafarki, da rashin barci, da abin da ya wuce ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu ya ke faruwa. Mu kan zaci babban haɗarin mota ne kaɗai ke karya zuciyar irin waɗannan mutane. Mu dai muna jin gidan shiru ma ba ƙaramin sara ya ke yi ba, takalma biyu a bakin gado, tsoho yana yi musu godiya yana ba su haƙuri don ya tashe su da dare. Wanda ya ga wannan ya koma gida ya dubi matarsa tana barci, me ku ke tsammani zai raya a ransa? An taɓa ɗauka maganin abin shi ne a tara ma'aikata nan take a tilasta wa kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, daga baya likitoci suka ga wannan zama na tilas ba ya hana ciwon, har suka daina ba da shawararsa. Abin da ya fi shi ne a ba mutum ɗan lokaci ya huta kafin a sāke tura shi, shugabansa ya san halin da ya ke ciki, abokan aiki su sa masa ido, in kuwa wata guda ya wuce abin bai lafa ba a kai shi ga likita ba tare da an mai da shi rago ba.

A nan gida Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra cikin 1988, akwai lambar gaggawa 112, cikin 2022 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin asibiti na ƙasa. Amma kowa ya sani a garuruwa da ƙauyuka masu yawa, motar asibiti ita ce motar maƙwabci. Wa za a buga wa ƙofa da tsakar dare in ba malamin makaranta ko akawun da ke da abin hawa ba? Ku ne ke nan, masu karatun wannan shafi. Mu kuwa da muka yi shekaru muna koyar da malamai, dole mu amsa laifinmu. Mun koya musu ɗaurin rauni da abin da za a yi wa wanda ya suma a filin wasa, amma ba mu taɓa keɓe ko darasi ɗaya ba a kan yadda za su sanar da mutum rasuwar nasa. Abin mamaki kuma, al'adarmu ta riga likitocin Faransa, domin a wurinmu ba a barin mai gargara shi kaɗai, a kan zauna kusa da shi ana laƙƙana masa kalmar shahada. Sai ga shi mun je asibiti mun yarda a tare tsohuwa a baranda, mijinta na shekara arba'in ya cika a hannun baƙi.

Mace in mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, mata suna shiga suna fita, ana sane da ita. Namiji fa? Ana watsewa daga zaman makoki sai a ce masa ai kai namiji ne, wani ma tun ba a yi arba'in ba ya fara yi masa zancen sabon aure. Kunya ta hana shi faɗin sunanta tun tana da rai, yanzu kuma ta hana shi cewa yana kewarta. Watanni shidan nan da likitocin Ingila suka ƙirga, su ne daidai lokacin da mu mu ke ɗauke ƙafa. In akwai irin wannan dattijo a unguwarku ko a ofishinku, ku leƙa shi bayan arba'in, ku tambaya wa ke kai masa tuwo, ku kuma duba ko yana shan maganin hawan jinin da ita ce dā ke tuna masa.