Tankaɗe da Rairaya: Jerin "Zan Karanta" Ya Yi Mana Yawa

Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp da Telegram na masu son karatu a zangunanmu, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Tamale, ya san yadda abin yake. Da asuba wani zai turo littafin tarihi, da hantsi wani ya turo na koyon kasuwanci, kafin la'asar wata ta saka labarin soyayya mai kashi hamsin. Kowa ya danna ya sauke, ya ce a ransa, "Wannan kam zan karanta shi." Wasu har da ɗan littafin rubutu suke da shi, inda suke jera sunayen littattafan da suka ji an yaba. Shekara ta zagayo, jerin ya ninka, amma abin da aka karanta daga ciki bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ra'ayina a kan wannan shi ne: dogon jerin littattafan da ba a karanta ba yana cutar da mai shi, kuma rage shi wani ɓangare ne na neman ilimi. Ga mu da muke zaune a ƙasar da Hausa ba ita ce harshen makaranta ko na ofis ba, yadda za mu yi wannan ragin yana da alaƙa da makomar harshen a gidajenmu.

Mu fara da lissafi, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. Mutum mai sana'a da iyali, idan ya dage yana karanta shafi 10 kullum, ba fashi ko ranar salla, zai karanta shafi 3,650 a shekara. Idan kowane littafi shafi 200 ne, ya sami littafi 18 ke nan. A shekara 30 zai karanta 540 ko kusa da haka, in Allah Ya ba shi rai da lafiyar ido. To, wanda ya tara littafi 600 a wayarsa yau, kuma yana ƙara biyar kowane mako, ya riga ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Zaɓe dai tilas ne. Ko dai mutum ya zauna ya zaɓa da hankalinsa, ko kuma ya bar wa wanda ya turo saƙo na ƙarshe ya zaɓa masa.

Illar dogon jeri ba ta tsaya ga cika waya ba. Sauke littafi yana ba zuciya wani ɗan daɗi mai kama da daɗin karanta shi, sai mutum ya ji kamar ya ƙaru alhali bai buɗe ko shafin farko ba. Sannan ranar da ya sami sarari ya ce bari ya karanta wani abu, sai yawan ya ruɗa shi. Ya buɗe wannan ya leƙa, ya rufe, ya buɗe wancan, daga ƙarshe ya koma kallon bidiyo. Taura biyu ba ta taunuwa, balle taura ɗari shida.

Magabatanmu sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro waya. A makarantun zaure, a Kano ne ko a Salaga ko a zangon Kumasi, ɗalibi ba ya zuwa wa malam da jerin abin da yake sha'awa. Akwai tsari sananne. A fikihu za a fara da Ƙawa'idi, a shiga Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala ta Ibn Abi Zaid, kafin a doshi Muhtasar na Shaihu Halil. A nahawu ana farawa da Ajurumiyya. Ba a tsallake, kuma ba a ɗauko na gaba sai an sauke na hannu. Jerin gajere ne, kowane littafi matakala ne zuwa ga wanda ke bin sa, shi ya sa mutum zai yi shekaru a kan littattafai 'yan kaɗan amma ya fito malamin da ake yi wa tafiya daga nesa.

Akwai abin lura a wajen Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya bar mana wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanensu. Wato jerin da ya ga ya cancanci a rubuta shi ne na abin da aka gama, tare da sunan wanda aka ɗauka a bakinsa. Mu kuwa mun juya abin. Muna alfahari da jerin abin da muke niyya, ba mu da lissafin abin da muka sauke.

Na san akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Za su ce littafin Hausa a ƙasar nan wahalar samu gare shi. Ba ka shiga kantin littattafai a Accra ka tarar da shi a jere kamar yadda za ka tarar a Kano ko Zariya. Yawanci sai an yi sautu wurin mai zuwa Nijeriya. Saboda haka duk wanda ya ci karo da shi a intanet, wauta ce ya bar shi ya wuce, domin gobe yana iya nema ya rasa. Wannan gaskiya ne. Amma an haɗa abu biyu ne da ya kamata a raba: rumbu daban, tukunya daban. Manomi yana cika rumbunsa iya ƙarfinsa, uwargida kuwa mudun da za a ci yau take aunowa. Ajiye littattafai a ma'adana aikin kirki ne, musamman in za a tsara su yadda wani ma zai amfana. Jerin karatu shi ne tukunya, kuma duk wanda ya juye rumbu a tukunya da yunwa zai kwana.

To, ta yaya za a yi tankaɗen? Abin da na gani shi ne a zauna da jerin gaba ɗaya, a yi wa kowane littafi tambayoyi kaɗan.

Tambaya ta farko: wa ya sa shi a nan? Da yawa daga cikin littattafan da ke jerinmu sun shigo ne don wani da muke ganin girmansa ya ambace su, ko don an yi ta yayinsu wata guda. Idan ka dubi suna ka kasa tuna dalilin da ya sa ka rubuta shi, to dalilin ya riga ya mutu. Mayar da shi rumbu. In buƙatarsa ta gaskiya ce, za ta sake taso da shi.

Ta biyu: tushe ne ko reshe? Sau da yawa za ka tarar da littattafai goma a jeri duk magana ɗaya suke maimaitawa, musamman irin waɗanda ke koyar da yadda za a yi arziki ko a gyara hali. Guda ɗaya mai kyau ya wadatar. Haka nan a adabi, wanda bai karanta littattafan farko ba, zai yi wuya ya gane abin da na baya suke ginawa a kai ko suke yi wa tawaye.

Ta uku: an gwada shi? Littafin da ya shekara uku yana jira, a ba shi zama ɗaya, shafi 20 ko 30. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan ya riƙe ka, ya sami gurbi. Idan bai riƙe ka ba, ku rabu lafiya, ba zunubi ba ne. Littafin ilimi da ake ɗauka a gaban malami hukuncinsa daban, shi wannan ana haƙuri da ɗacinsa. Amma labarin da aka rubuta don nishaɗi, in ya kasa nishaɗantarwa, ba ya bin ka bashin komai. Wannan ya shafi dogayen labaran da ake saki kashi-kashi a zauruka. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, kuma waɗanda suka cancanci zama a jeri sun cancanci a biya marubutansu kuɗin da suka sa, maimakon karɓar kwafin da aka yaɗa ba da izininsu ba. Mai gajeren jeri yana iya biya. Mai jerin ɗari shida ne yake ganin biyan ya fi ƙarfinsa.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Idan ɗan zango ya tashi rage jerinsa, littattafan Hausa ne za su fara faɗuwa. Dalilin a fili yake. Na Turanci suna da jarrabawa da aiki a bayansu, na Larabci suna da addini a bayansu, na Hausa kuwa ba su da mai tsaya musu. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati a Ghana, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani, duk da cewa ana jin ta a rediyo da kasuwa da masallaci daga bakin teku har iyakar arewa. Sakamakon haka, muna da dubban matasa masu jin Hausa kamar me, amma in an miƙa musu rubutu sai su riƙa harhaɗa shi da ƙyar, ƙ da k duk ɗaya a wurinsu. Hausarmu ta nan tana da zaƙinta da tarihinta, ba abin kunya ba ce. Amma harshen da ake magana da shi kawai, ba a karanta shi, kalmominsa raguwa suke yi daga uba zuwa ɗa, har a wayi gari ya iya ciniki da gaisuwa kaɗai, in za a yi zancen tunani mai zurfi sai a koma wani harshe.

Saboda haka ina ganin duk wanda zai yi wannan tankaɗe a cikinmu, ya ware wa Hausa gurbin da ba a taɓawa. Kuma ba abu ne mai nauyi ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kowanensu bai kai shafi 100 ba. Mai shafi goma a rana zai gama ukun cikin wata guda. Shaihu Umar ma kamar don mu aka rubuta shi, domin labari ne na yaron da aka raba da gida, aka ƙetara da shi hamada, da uwar da ta bi sawunsa. Jikokin fataken goro da suka yi zango a Gwanja suka zauna ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da nisa da gida yake nufi. Bayan su sai Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, kundi uku, inda aku yake riƙe ɗan sarki da labari bayan labari. Wanda ya karanta shi a bayyane ga yaran gidansa, labari ɗaya kowane dare, ya yi wa harshen hidimar da ta fi sauke littafi dubu. Daga nan ƙofa a buɗe take zuwa ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu.

Kada kuma jerin ya zama duk abin da ke cikinsa daga ƙetaren iyaka ya zo. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya yi limanci a Krachi har ya rasu a 1934, ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausa cikin ajami. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci da wadata. A ƙasar nan ya rayu ya karantar, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana da tarin rubuce-rubucen malaman wannan yanki, har da nasa. Abin takaici ne a ce matashin zango yana da sunayen marubutan Amurka hamsin a jerinsa, amma bai taɓa sa wa ransa neman abin da wannan malami ya rubuta ba. Ko da bai iya ajami ba, a unguwarsa akwai dattijon da ya iya. Wannan ma dalili ne na zuwa a durƙusa a gaban manya kafin su ƙare.

Shawarata a aikace ita ce kada jerin ya wuce littafi goma sha biyu, ɗaya ga kowane wata, kuma a jera su bi da bi kamar yadda ake yi a zaure. Aƙalla uku su zama na Hausa. Sabo ba ya shiga sai an gama ɗaya ko an fitar da ɗaya. A buɗe wani shafi na daban inda za a riƙa rubuta abin da aka sauke, da ranar da aka gama, da jimla biyu ko uku a kan abin da aka ƙaru da shi, kuma a yi ƙoƙari a rubuta su da Hausa. Littattafan takarda da suka faɗi a tankaɗen, kada a bar su gara da damina su cinye. A kai su makarantar unguwa, ko a ba wani yaro mai ƙwazo, domin abin da ya zame maka kaya, wani nema yake ido rufe.

Masu kula da zaurukanmu su ma suna da rawar takawa. Maimakon a riƙa zubo littattafai ashirin a mako, a zaɓi ɗaya a wata, kowa ya karanta, a sa rana a tattauna, ko a waya ko a ƙofar gidan wani bayan sallar isha'i. Da haka mai saurin karatu zai ja mai nawa, wanda ya gamu da kalmar da bai sani ba ya sami mai fassara masa.

'Yan'uwa, kowa ya ɗauko jerinsa a wannan mako ya yi masa tankaɗe da rairaya. Wanda ya gama, ya rubuto mana littattafan Hausa uku da ya bari, da dalilin da ya sa ya bar su. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a ɗan lokacin da muke da shi.